Corolla ta ƙi shiga giya ta huɗu da sahe, wai sai na sayi giyabos

Malamin Arkilla: Assalamu alaikum jama'ar gidan ga. Don Allah masana mota ku ba ni shawara kahin in yi asarar da ba ni iya ɗauka. Corolla ta 2006 gare ni, otomatik, shekara huɗu tana hannuna ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. Ina koyarwa can wajen Boɗinga, kullum shidda da rabi na sahe nika barin gida. To tun da ɗarin ga ya shigo, in na hau titi sai ta shiga ta ɗaya, ta biyu, ta ukku, daga nan ta tsaya, ta huɗu ba ta zuwa. Ina gudu 100 allurar juyin inji ta wuce 3, inji na ta kuka awa injin niƙa, alhali dauri kan 2 da ɗan wani abu taka zama. Na biyu in na tashe ta na sa D ko ribas sai ta yi wani duka, gum, har yara su zabura a baya. Mai kuma sai shan shi taka yi. Na kai ma bakanike, ko bonet bai buɗe ba yac ce fayiba, wato faifan kulocin cikin giya, ta ƙone, a kawo giyabos Beljiyam daga Kano, kuɗin da yaf faɗa mani ya kai albashina na wata ukku. Mi kuka gani?

Ɗan Sahara: Wa alaikumus salam Malam. Giya in ta fara haka ta fara ke nan, tun da wuri ka sake ta kawai. Akwai masu kyau an kawo satin nan, ka yi min magana ta gefe

Direban Illela: Kai Ɗan Sahara ka ji tsoron Allah, mutum na neman shawara kai kana neman ciniki 😂

Ɗan Sahara: To ai shawara ce na ba shi, kuma kyauta

Oga Rewaya: Malam kahin komi, duba allon gabanka, akwai wata ƴar wuta da ta rubuta O/D OFF? Akwai ɗan maɓalli gefen sandar giya, in yaro ya danna shi mota ba ta shiga ta huɗu ko za ka kai Argungu. Wallahi an taɓa kawo mani wata har sun yi cinikin giyabos, da babban yatsa nig gyara ta.

Malamin Arkilla: Oga na san wannan maɓallin, na danna shi wutar ta kama, na sake dannawa ta mutu. Ba shi na ba. Amma wutar cek a kunne take tun bara, bakanikena yac ce in manta da ita ba komi.

Injiniya Gawon Nama: Malam barka da yamma. Tambaya uku zan yi maka, ka amsa su a tsanake. Ta farko, in za ka dawo daga makaranta da rana tana yin abin ko da safe ne kawai? Ta biyu, lokacin da take canza giya daga ɗaya zuwa biyu zuwa uku, allurar inji tana tsalle sama ta dawo kamar ka taka kulochi a mota manuwal, ko tana shiga daram? Ta uku, in ka sa D bayan daƙiƙa nawa take kamawa?

Dalilin tambayar shi ne mutane suna haɗa abubuwa daban-daban su kira su "giya ta lalace". Akwai sulɓi, wato ka taka totur inji ya yi ihu mota ba ta ja daidai da ihun. Akwai duka. Akwai jinkiri, ka sa D ka jira kamar mai jiran canji a shago. Akwai kuma ƙin shiga wata giya. Sulɓi shi ne wanda ya fi nuna fayiba ta cinye ko ƙarfin mai ya faɗi. Ƙin shiga giya kuwa sau da yawa umarni ne daga birenbos, wato kwamfutar mota, ita giyar lafiyarta ƙalau, an hana ta ne.

Malamin Arkilla: Injiniya Allah shi saka. In zan dawo ƙarhe biyu lahiya lau taka shiga ta huɗu tun kahin in bar garin. Da sahe ma wani lokaci in na shiga cunkoso na tsaya na ɗan jima sai ta shiga, in na sake sakin gudu ta koma. Ba ta sulɓi, tana ja da ƙarhi. D kuma nan take taka kamawa, dukan dai na matsala.

Injiniya Gawon Nama: To fayibar da ta ƙone ba ta san safe da rana ba. In ma ta sani, da zafi take ƙara lalacewa don mai ya tsinke, ba da sanyi ba. Kada ka ba kowa kuɗin giyabos tukuna.

Direban Illela: Ni dai shawarata ka juye man giya ka zuba sabo. Shekara goma sha ina bin hanyar Kware da Gwadabawa, duk motar da taf fara mani gardama mai nika sake mata

Baba Mai 406: A'a yaro, kada ka sa shi cikin rami. Man giya ba a taɓa shi. Ni da idona nig ga mota tana tahiya lahiya, anka sake mata mai, washegari ta ƙi motsi ko taku ɗaya. Tun ran nan ban yarda a buɗe mani wurin ga ba.

Direban Illela: Baba ranka shi daɗe, ashe man 406 ɗinka tun na zamanin Bafarawa na 😂

Baba Mai 406: Kuma tana kai ni Tambuwal ta maido ni, kai taka sau nawa janwe yaj ja ta bana?

Injiniya Gawon Nama: Baba abin da ka gani yana faruwa, amma ba sabon mai ne ya kashe giyar ba. Giyar da fayibarta ta riga ta cinye, garin fayibar da ke yawo cikin tsohon mai shi ke ɗan riƙe ta, in an juye sai asirinta ya tonu. Ta mutu tun da, jana'iza ce aka jinkirta. Sannan sau da yawa ba man da ya dace ake zubawa ba, a je a ɗauko kowane jan mai a galan a ce ai duk man giya ne. Corolla ta 2003 zuwa 2008 T-IV take sha, yana rubuce jikin tsinken awon. Camry ta 2007 zuwa sama WS. Honda nata daban, Z1 ne da, yanzu DW-1 ya maye gurbinsa. Corolla ta 2014 zuwa sama da yawansu CVT ce, wata irin giya daban mai nata man, in ka zuba mata man giya na gargajiya ka gama da ita.

Malam ka duba man da kanka, ba ya buƙatar bakanike. Ka yi tafiya mota ta yi zafi, ka tsaya wuri mai daidai ba gangara ba, inji na aiki, ƙafa kan birki ka bi da sandar P, R, N, D, 2, L kana ɗan tsayawa a kowace, ka maida P. Ka zaro tsinken ka goge, ka maida, ka sake zarowa. Ya kamata ya tsaya tsakanin alamomin HOT. Sai ka ɗiga a farar takarda ka shinshina.

Ɗan EOD: Injiniya ni ma haka zan auna tawa? Accord 2004 ce, D ɗina yana ƙyaftawa tun jiya kuma ta maƙale giya ɗaya ba ta canzawa, daga Mabera zuwa Runjin Sambo kamar ina jan tirela

Injiniya Gawon Nama: A'a ƙanena, Honda ta bambanta, ita sai ka kashe inji bayan ya yi zafi sannan ka auna cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. D mai ƙyaftawa kuma kwamfutar mota ce ke gaya maka ta ajiye lambar laifi, ta kulle giya wuri ɗaya don kada ɓarna ta ƙaru. Ka daina yawo da ita, a sa mata na'ura a karanta.

Oga Rewaya: Ɗan EOD ka shiga ruwan Mabera da ita da damina ko? Don soket ɗin da ruwa yash shiga ba ya nuna kai nan take, sai ya yi kore a hankali. Ka kawo in duba soket na sansa da na sulinod (bawul ɗin lantarki da ka buɗe ma man giya hanya) kahin wani ya ce maka giyabos.

Ɗan EOD: Wa ke zaune Mabera bai shiga ruwa ba Oga 😭

Admin: Ɗan EOD ka buɗe naka daban don Allah, kada maganar Malam ta ɓace.

Malamin Arkilla: Na auna yadda kac ce Injiniya. Mai na kan HOT daidai, launinai ja ne da yaɗ ɗan yi duhu awa zoɓo da yak kwana, ba shi warin ƙuna, ba wani gari ko ƙyalli a takardar.

Injiniya Gawon Nama: Madalla. Da fayiba ta ƙone da ka ga baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, warinsa kamar tuwo ya kama tukunya. Da kuma ka ga ya yi kamar madara da aka zuba wa jan kala, to ruwan lagireto ya shiga, don man giya yana ratsa ƙasan lagireto ne ya huce, in bututun ya fashe sai su haɗu, wannan kam ita ce babbar musiba. Naka ba ko ɗaya. Yanzu faɗa min, allurar zafin inji ina take tsayawa da safe in kana gudu?

Malamin Arkilla: Ai nan kam ba matsala, motata ba ta zahi ko kaɗan. Allurar na ƙasa kusa da C har in kai makaranta. Tun watan Afrilu da tat taɓa yi mani zahi wajen Dandima, bakanike yac cire wani abu yaj jefar, yah haɗa fanka dairek, da na murɗa makulli taka tashi. Tun ran nan lahiya lau.

Oga Rewaya: Innalillahi. Ga ɓarawon nan Injiniya

Injiniya Gawon Nama: Na gan shi Oga. Malam abin da aka jefar tamostat ne. Aikinsa ya tare ruwa kada ya je lagireto sai inji ya kai wajen digiri 82, daga nan ya buɗe. Birenbos na wannan motar an tsara shi kada ya ba da giya ta huɗu sai ruwan inji ya kai wajen digiri 60, don inji ya yi saurin ɗumi. Kai kuma ba tamostat, fanka na juyawa ba hutu, ga iskar hunturu da asuba tana dukan lagireto kana gudu 100, ruwan ba ya samun damar yin zafi. Shi ya sa in ka tsaya a cunkoso take shiga, in ka saki gudu ta fita, da rana kuma ba ta yi. Dukan D ma daga nan ne, inji mai sanyi silo ɗinsa, wato juyin da yake yi in mota na tsaye, sama yake, in ka sa giya allura na kan 1200 ko fiye dole ta buga. Shan mai ma haka, birenbos na ganin inji bai ɗumi ba sai ya yi ta ƙara masa fetur. Ban ce ka yarda da ni ba, a sa na'ura. Ina zaton za a ga lambar P0128 ko P0125, masu nuna inji bai kai zafinsa ba.

Direban Illela: Injiniya da girmanka, nan kam ban yarda ba. Tamostat na ƙasar Turawa na, inda ƙanƙara ka zuba. Sakkwato da watan Afrilu zahi ka wuce 40, kwai ka dahuwa kan bonet, ka ce in bar abin da ka tare ruwa cikin inji? Duk tashar mu ba motar da ad da shi, kuma muna lodi har saman but.

Ɗan Sahara: Gaskiya Direba ya faɗa, mu kanmu ba mu cika ajiye shi a shago ba don ba mai tambaya

Injiniya Gawon Nama: Direba motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu suke zuwa, kuma zafin can bai gaza namu ba. In inji ya yi zafi sosai tamostat a buɗe yake gaba ɗaya, ba abin da yake tarewa. Motar da ta yi zafi a Afrilu akwai dalili, ko lagireto ya toshe da ƙasa da tsatsar ruwan rijiya da muke zubawa, ko murfin lagireto ya saki, ko fanka ba ta tashi, ko famfon ruwa ya gaji, ko kuma shi tamostat ɗin ne ya maƙale a rufe, to sai a sa sabo. Cirewa ɓoye ciwo ne. Ku kuma da kuke lodi ku tashi da hantsi inji na shan wahala, zai yi zafi ko ba tamostat, shi ya sa ba ku gani. Malam shi kaɗai ne cikin mota da jakar littattafai da asuba.

Direban Illela: To in ya maƙale mani tsakanin Gwadabawa da Illela da rana tsaka hwa? Kai za ka zo ka ɗauke ni? Gasket guda nawa ka san an ƙone saboda abin ga

Injiniya Gawon Nama: Wannan tsoron gaskiya ne ban musa ba, musamman da jabun kaya da suka cika kasuwa. Amma maganinsa ka sa mai kyau ka riƙa kallon allura. Kafin a ɗaura ma ana gwada shi, a jefa cikin tukunyar ruwa a kan wuta, kafin ruwan ya tafasa za ka ga ya buɗe baki da idonka.

Direban Illela: Ni dai tawa ba a maida shi. Kowa ya san motatai

Maman Biyu: Sannunku da muhawara. Malam don Allah ka bi maganar na'urar nan. Ni Camry ta ce ta 2008, bara ta riƙa fizga in ina tafiya kamar 60, aka ce giya, maigidan har ya sa an sauke ta an sa wata, muka ɗauko mota fizgar na nan yadda take. Ƙarshe wani yaro ya sa kwamfuta ya ce silinda ta uku ba ta wuta, kwayil guda ɗaya aka canza. Tsohuwar giyar tana nan bayan ɗaki kaji na kwana kanta, duk ranar da na gan ta sai raina ya ɓaci.

Ɗan Sahara: Hajiya in za a sayar da ta bayan ɗakin ina so

Maman Biyu: Don ka wanke ta ka sayar wa Malam a matsayin Beljiyam ko? Allah ya kiyaye

Oga Rewaya: Hajiya ta taɓo inda ke mani ƙaiƙayi. Giya otomatik ba ita ka yanke shawara ba, birenbos na, shi kuma da abin da sansa sunka gaya mai shika aiki, na totur, na iska, na gudu, na zahi. Ko batir mai rauni ko tamina da tas saki na iya sa giya hauka. Amma kuma ku yi hattara da masu na'ura, wani ya sayi ƴar ƙarama ya soka ƙarƙashin sitiyari, ya ga P0700 ya ce maka giya ta mutu. P0700 ba ta ce komi ba sai "akwai laihi ɓangaren giya, je ka karanta", dole a shiga ciki a ga ta biyun. P0715 sansan gudu na shiga, P0720 na hita, P0750 da P0755 sulinod, P0741 konbata da ka haɗa inji da giya. Kuma ko lamba ta ce sulinod ba shi ke nan a saye ba, a auna waya da mita tukuna, ɓera ma na cin waya. Mahi muni wanda zai goge lambar ya karɓi kuɗinka wuta ta mutu, bayan kwana biyu ta dawo.

Injiniya Gawon Nama: Ƙari kan na Oga, tunda motar Malam ta 2006 ce. A 2010 Toyota ta yi kiranye a Amurka na Corolla da Matrix na 2005 zuwa 2008 sama da miliyan ɗaya, wato ta ce a maido su a gyara, saboda birenbos, kuma dukan giya na cikin alamominsa, lambar da aka fi gani P2716. In ita ta fito to wata magana ce. Amma wannan ba ya zaɓar safiya, shi ya sa ban sa shi gaba ba. Malam ka ce wa mai na'urar kada ya tsaya kan lamba kawai, ya shiga mota ku hau titi da sassafe yana kallon zafin ruwa a allon, ku ga a digiri nawa take shiga ta huɗu.

Baba Mai 406: To ni da wutar S da ta ƙanƙara ka ƙyafta mani lokaci guda mota ta tsaya ta ukku, in na kashe na tayar ta saki, shi ma tamostat na?

Oga Rewaya: A'a Baba, giyarka irin da aka ce ma AL4 ta, yawanci sulinod na ƙarhin mai da ke cikin balbodi, wurin rarraba man giya, ka jawo haka, kuma tsohon mai na ƙara mai. Man da kac ce ba a taɓawa 😂

Baba Mai 406: Za mu gani. Ba yau ba.

Malamin Arkilla: Jama'a na dawo da labari, ku yi haƙuri kwana ukku shiru. Ran Assabar da asuba munka hita da yaron mai na'ura, bayan sallah ko shayi bai sha ba. Lamba ɗaya ta, P0128, ba P2716, ɓangaren giya kuma ba komi. Munka hau hanyar Boɗinga yana riƙe da allon, cikin gari zahin ya kai 63, da nis saki gudu sai ga shi yana sauka, 58, 55, har 52, mota na ta ukku tana kuka. Munka tsaya gehen titi minti biyat yah hau, munka tashi sai ga ta huɗu ta shiga sumul, kahin mu yi nisa ta sake hita. Yaron sai dariya shika yi.

Munka dawo anka sa tamostat bayan mun gwada shi cikin tukunyar mai shayin bakin garejin, Oga Rewaya ya maida fanka kan layinta, anka wanke lagireto, ƙasar da taf hito ciki ta isa a shuka gero. Ashe shi yas sa ta zahi tun Afrilu. Sannan da anka taka birki anka sa D muna kallon inji sai munka ga yana ɗagawa, sitin inji guda ya tsage, shi ma an sake. Yau kwana biyu allura na tsakiya, tun kahin in hita gari taka shiga ta huɗu, dukan ya tahi, wutar cek ta mutu. Duka abin da nik kashe bai kai kuɗin motar da za ta kawo giyabos daga Kano da na ɗaurawa ba.

Injiniya Gawon Nama: Alhamdulillah. Man giyar tunda ya fara duhu ka juye shi nan gaba kaɗan, ta ƙasa kawai ba da injin turawa ba, wajen lita 3 zai fito sauran na cikin konbata, ka maida daidai abin da ya fita, T-IV. Kuma in zafi ya shigo ka sa ido kan allura satin farko.

Direban Illela: Malam barka. Amma ina nan, mu haɗu watan Afrilu wajen Dandima ƙarhe biyu na rana, sannan a yi maganar

Malamin Arkilla: Allah shi kai mu Direba, in ta yi zahi ni zan hwara sanarwa nan.

Ɗan EOD: Oga Rewaya gobe ƙarfe nawa kake buɗewa